Wace fiyano ce za ta riƙe maka wasan biki a Sakkwato?

Wani ƙanena mai kaɗa fiyano daga Mabera ya aiko min da tambaya. Yana bin wani mawaƙi da 'yan amshi biyu zuwa wuraren biki, wata rana da makaɗin kalangu, wata rana babu. Yamaha PSR ɗin da yake kaɗawa ta aro ce daga situdiyo, yanzu ya tara kuɗi yana son tasa ta kansa. Ga abin da ya rubuto: "Yaya, don Allah wace ta kamata in saya? Ina son marar nauyi, don bisa kabu-kabu nika ɗaukar ta. Na ga wasu 'yan ƙanana a YouTube irin su microKORG, sautinsu ya burge ni ƙwarai. Ko ita zan saya?"

Ƙanena, kada ka fara da microKORG. Ba wai ba ta da kyau ba ne. Tun 2002 Korg ya fito da ita kuma har yau ana neman ta, nauyinta kilo 2.2, tana aiki da batir shida, tana da sautuka 128 a ajiye. Amma maɓallanta 37 ne, ƙanana, kuma sauti huɗu kaɗai take iya fitarwa a lokaci guda. Ka danna uku da hagu, saura ɗaya ya rage wa dama, in ka ƙara na biyar sai ta yanke na farko. Ba ta ɗauke da muryar ganga ko sarewa ko fiyano da aka naɗo daga kayan kiɗa na gaske, lissafi take yi ta ƙera sautinta. Shi ya sa take da daɗi wurin bes mai kauri da siririn sautin nan mai ratsa kunne. Waɗanda ka gani a YouTube suna da mai ganguna a bayansu, da mai jita, galibi har da wata babbar fiyano a gefe. Ita 'yar ƙaramar ƙari ce a kan kiɗan da ya riga ya tsaya da ƙafarsa. Haka Yamaha reface da suka fito a 2015, haka Korg minilogue ta 2016 mai sauti huɗu. Reface CS ma ba ta da wurin ajiye sauti a cikinta, duk abin da ka haɗa sai ka sake murɗo shi da hannu ko ka adana a waya. A gida wannan abin sha'awa ne. A gaban jama'a, mawaƙi yana waiwayo ka, ba za ka so shi ba.

Abin da ya kamata ka fara tambayar kanka shi ne: wa ke riƙe da kiɗan a ranar da mai kalangu bai zo ba? Ka riga ka ba ni amsa, kai ne. Kai ne ganga, kai ne bes, kai ne sarewa. Daga nan zaɓinka ya ragu zuwa gida biyu, dukkansu masu maɓalli 61.

Gida na farko su ne masu sitayil, irin wadda kake aro. Kana danna kod da hagu, wato maɓallai uku ko fiye a tare, ita kuma ta zubo ganguna da bes da sauran rakiya suna bin ka, ga mabuɗi, ga sauyi huɗu na tsakiya, ga marufi. A nan akwai PSR-S670 ta 2015 da magajiyarta PSR-SX600 ta 2020. Kowace tana fitar da sauti 128 a lokaci guda, tana da lasifika a jikinta, nauyinta wajen kilo takwas. Gida na biyu su ne sintesaiza na dandamali, marasa lasifika, marasa sitayil mai bin kod. Korg Kross 2 mai kilo 3.8 da batir shida, Roland Juno-DS61 mai kilo 5.3 da batir takwas masu caji, Yamaha MX61 mai kilo 4.8 wadda ita sai da wuta. Sautin waɗannan ya fi tsafta in an jona su da manyan lasifika, kuma kafaɗarka za ta gode maka. Kross 2 da Juno-DS suna da ganguna masu zagayawa da maɓallan tafi da za ka ɗora musu kiɗan da ka haɗa a kwamfuta, amma bes kai za ka riƙe shi da hagunka daga farkon waƙa har ƙarshe.

Yanzu ka tuna yadda wasanmu yake tafiya. Waƙar da aka naɗa minti biyar ce a situdiyo, amma a filin biki ba ta da iyaka. Uwar amarya ta shigo fili da ƙawayenta, an fara liƙi, dole mawaƙi ya tsaya a kanta, ya ambaci gidansu da kakanninta, 'yan amshi su yi ta maimaitawa har sai ta juya. Tana fita wani Alhaji ya taso, a sake sabon lale. Wani lokaci mawaƙin ya ɗaga maka hannu ka sassauta ya yi kirari, ya sauke hannu ka dawo da ƙarfi. Ko muryarsa ta dushe bayan awa biyu ya ce ka sauko masa da kiɗan kaɗan. Kiɗan da aka naɗa a filash ba ya jiran kowa, ba ya saukowa, ba ya sassautawa. Sitayil kuwa zai yi ta zagayawa har gari ya waye, ka ƙara masa sauri ko ka rage, ka sauke shi rabin murya da danna ɗaya. Wannan shi ne dalilin da ya sa, da ni ne kai, PSR-SX600 zan nema, in kuɗin bai kai ba in nemi S670 ta hannu mai lafiya. Sai fa in hagunka ta ƙware sosai, kana iya riƙe bes ba ka ɓata ba alhali damarka tana wani aiki. In haka ne, ɗauki Kross 2 ko Juno-DS ka huta da nauyi. Kai ka san hannunka, kada ka yaudari kanka a nan.

Akwai wani dalilin kuma. Yamaha ita ce ta fi yawa a hannun makaɗanmu da situdiyoyinmu, daga nan har Kano da Kaduna. Sitayil ɗin da 'yan'uwanka suka haɗa na kiɗan gida suna yawo a filash, za ka samu ka ɗora. Mai gyara ya saba buɗe ta. Adafta ko robar ƙarƙashin maɓalli in ta lalace, ba za ka sha wahalar nema ba kamar ta Korg ko Roland. S670 da SX600 duka suna da wurin da za ka ƙirƙiri sitayil naka da kanka, abin da PSR-E473 ba ta da shi. Na ambaci E473 ne don za a nuna maka ita a shago, ta fi araha, tana aiki da batir shida, tana fitar da sauti 64 a lokaci guda, tana karɓar sitayil daga filash. Ba laifi ga mai farawa. Amma ranar da ka so ka gyara tafiyar ganga ta dace da waƙar ubangidanka, za ka tarar ƙofar a rufe.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ta fi kashe kayan kiɗa a garin nan. S670 da SX600 ba su aiki da batir, wannan ne babban aibinsu. Ba ɗaukewar wutar ce ta fi ba ni tsoro ba, dawowarta ce. Ana cikin wasa janareto ya yi tari, fitilu su dushe, manyan lasifika su ja wuta, sannan mai injin ya ƙara masa wuta kwatsam. A wannan hawa da saukar ne adafta ke ƙonewa, wani lokaci har ta tafi da allon ciki. Kuma ko ba ta ƙone ba, in fiyanon ta mutu sai ka jira ta farfaɗo, ka nemo sitayil, ka gyara sauri, jama'a kuma sun riga sun koma kujerunsu. Maganin abin shi ne ƙaramar UPS irin ta kwamfuta, ka jona fiyanonka ita kaɗai a kai. Adaftar waɗannan volt 16 ce kuma abin da suke ja bai kai wat 40 ba, saboda haka ƙaramar ma ta wadatar. In wuta ta ɗauke, manyan lasifika za su yi shiru amma taka tana raye, sai ka ɗaga lasifikar jikinta, mawaƙi ya ci gaba da baki, 'yan amshi su yi tafi har a tayar da injin. Kada ka yarda a jona ka layi ɗaya da amfilifaya ko firjin lemo. Masu Kross 2 da Juno-DS su abin ya zo musu da sauƙi, suna iya cire waya gaba ɗaya su yi awa huɗu ko biyar a kan batir mai caji. Sabuwar Juno-D da Roland ya fitar a 2024 ma fawa-bank irin na waya take karɓa ta USB-C.

Ka kula da adafta ƙwarai, musamman in ta hannu ka saya. Wutarmu volt 230 ce. Kayan da aka kwaso daga Amurka wani lokaci adaftarsu ta volt 120 ce kawai, kana jona ta za ka ji ƙauri. Ka juya bayanta ka karanta, in an rubuta 100-240V lafiya lau. Kuma kada ka ari adaftar wani don bakinta ya shiga ramin taka. Ƙananan PSR-E volt 12 suke ci, S670 volt 16, Juno-DS volt 9. Ban da haka, a adaftar Yamaha tsakiyar bakin ne fosatif, a ta Roland kuwa tsakiyar nagatif ce. Musayar waɗannan biyu ta isa ta kashe maka fiyano cikin ƙiftawar ido.

Wani ƙaramin abu da ke kunyata mutane: fiyano da yawa suna kashe kansu in an bar su ba a taɓa ba, wasu Yamaha bayan minti 30. Ka shirya komai tun la'asar, a yi ta jawabai da addu'o'i, a kira ku fili, ka danna ka ji tsit. Ranar da ka saya, ka shiga saitinta ka kashe wannan.

Mu zo kan sauti, inda na fi son ka tsaya. Kada yawan sautukan da aka rubuta a kwali ya ruɗe ka. Ɗari takwas ko dubu, a wasa ɗaya da wuya ka taɓa goma. Abin da zai raba ka da sauran shi ne yadda gangarka ke magana. Wannan ƙasar ce ta yi Narambaɗa da Ɗanƙwairo da kotsonsu, ta yi Jankiɗi da taushinsa, ta yi Ɗan Anace. Tsofaffin da ke zaune a bayan rumfa da wannan kunnen suka tashi, kuma suna gane gangar da ba ta da rai tun daga bugun farko. Kalangu yana magana ne saboda makaɗi yana matse tsarkiya a hammata, fata ta ɗaure murya ta hau, ya saki ta sauko, yana bin hawa da saukar maganar Hausa. Wanda kamfani ya sa a fiyano bugu ne tsayayye. Hanyar da za ka ba shi rai ita ce ƙaramin wilin nan na hagu mai lanƙwasa sauti. Duk fiyanon da ba ta da shi, ka wuce ta, ko nawa aka rage maka. PSR-E373, alal misali, ba ta da shi. Daga kamfani wilin yana hawa ko sauka da rabin murya biyu ne kawai, ka shiga saiti ka faɗaɗa shi zuwa huɗu ko biyar, sannan ka zauna ka koyi furta sunan mutum da shi. Ka fara da sunan mawaƙinku. Ka ja wilin ƙasa kafin ka buga, ka sake shi a hankali bayan bugun, za ka ji gangar ta tashi kamar an matse ta. A Roland ba wili ba ne, ɗan hannu ne da ake turawa hagu da dama, wasu sun fi jin daɗinsa wurin wannan aikin, sai ka gwada da hannunka.

Abin da ya fi wannan shi ne ka sa kalangu na gaske a ciki. Ka ɗauki makaɗin naku ku je situdiyo, ka biya shi haƙƙinsa, ya buga maka ɗaya bayan ɗaya: a sake, a matse, rabin matsi, bugun yatsa, gangarowa. A yanka kowane a ajiye shi a fayil ɗin sauti irin na WAV. S670 da SX600 suna karɓar irin wannan ta manhajar Yamaha Expansion Manager a kwamfuta, Juno-DS tana karɓa kai tsaye daga filash ta shimfiɗa shi a kan maɓallai, Kross 2 tana ɗora shi a maɓallan tafinta goma sha shida. Haka za ka yi wa kotso da kurya da shantu in ka samu masu su. Wannan ba zai maye gurbin makaɗin ba, kuma ba na son ka yi tunanin sallamar sa. Ranar da ya zo, ka kashe gangunan sitayil ɗin ko ka rage su, ka bar masa fili, kai ka bi shi.

Algaita da goge kuma ba a kaɗa su da kod. Ka sa sautin ya zama mai fita ɗaya-ɗaya, ka kunna sulɓin da ke sa murya ta zame daga wannan maɓalli zuwa wancan, kaɗan dai, kada ya yi yawa. In za ku yi wasa da mai goge ko gurmi ka ji kamar kuna saɓawa alhali kowa yana daidai, ba kunnenka ba ne. Ɗaurinsu bai zama lallai ya faɗa daidai kan maɓallan Turawa ba. Waɗannan fiyano suna da wurin da ake ɗaga ko sauke kowane maɓalli shi kaɗai, an raba tazarar rabin murya gida ɗari. Ka zauna da shi kafin wasa ku daidaita muryoyi biyar ɗin da waƙar ke yawo a kansu, ka ajiye.

Ajiyewar nan ita ce rabin aikin dandamali. A S670 da SX600 akwai maɓallai takwas na rajista a gabanka, kowane yana riƙe sitayil da sauri da sautin dama da na hagu. Roland da Korg suna da irinsu. Ka jera waƙoƙinku a kai tun daga gida, ka manna farar takarda ka rubuta sunayensu da alƙalami mai kauri. In wasan rana ne a fili, hasken Sakkwato ba zai bar ka ka ga abin da ke kan sikirin ba, da yatsa za ka gane hanya.

Wurin jonawa da miksa, wato na'urar da ke haɗa sautuka ta tura wa manyan lasifika, ka yi amfani da ramin da aka rubuta L/MONO ko L/L+R in waya ɗaya aka ba ka, don yawancin masu kayan sauti a nan haka suke haɗawa. Ka rage amsa-kuwwar da kamfani ya cika wa sautukan, zauren biki mai tayil da silin yana da tasa. In tazararka da miksa ta wuce mita biyar ko shida, wayar jak za ta fara kwaso gurnani, sai ka nemi ɗan akwatin DI, yana da maɓallin da ke yanke gurnanin janareto. Kuma lokacin saye, kada ka yanke hukunci da abin da ka ji a lasifikar jikinta ko a iyafis. Ka sa a jona ta da babbar lasifika. Akwai sautin da ke da daɗi a ɗaki amma ya ɓace da zarar ganga da murya sun hau kansa.

Zafi da ƙura kuwa ba sai na gaya maka ba. Littafin Yamaha yana cewa an gwada kayansu tsakanin digiri 5 zuwa 40, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu muna wuce 40 a inuwa. Kada ka bar ta a but ɗin mota ko a rana kafin a kafa rumfa, sikirin yana baƙi, roba tana lanƙwashewa. Wannan ma wani dalili ne na barin masu analog irin minilogue, wato masu ƙera sauti da kayan lantarki ba da lissafi ba, sai gaba, domin zafi yana taɓa daidaiton muryarsu. Batir in ba za ka yi wasa ba ka cire shi, yana zubar da ruwa ya cinye ƙarfen. Lokacin hunturu ƙura ce ke shiga ƙarƙashin maɓalli, inda wata roba mai ɗigon baƙi take taɓa allo. Alamarta, maɓalli ɗaya ya daina magana, ko ya riƙa fita da cikakken ƙarfi ko yaya ka taɓa shi. Ba mutuwa ta yi ba, buɗewa ake yi a goge da sifirit na kayan lantarki. Kada a kusance ta da fetur ko man feshin kwaɗo. Kana gama wasa ka share ta da busasshen burushi, ka rufe da zane kafin ta shiga jaka.

In ta hannu za ka saya, ko a Sabon Gari ta Kano ko a Alaba ta Legas ko wurin wani makaɗi a nan gida, kada ka yi cinikin biri a sama. Ka je da kanka ko ka aika wanda ya iya kaɗawa. A danna maɓallan nan 61 ɗaya bayan ɗaya, a hankali sannan da ƙarfi. A ja wili a sake shi a ga ya koma tsakiya, murya ta dawo daidai. A girgiza wayar jak da ta adafta a cikin raminsu ana saurare, in ta yi ƙara ko ta ɗauke, akwai tsagewa a ciki. A sa filash a ga ta karanta. A bar ta a kunne rabin awa tana kaɗa sitayil, domin wata cutar sai ta yi zafi take fitowa. Ka duba kusoshin ƙasa, in sun sha sukuddireba ka tambayi abin da aka gyara.

Kuma kada ka zuba kuɗinka duka a fiyanon. Ka ware na jaka mai soso da maratayi biyu, na ƙafar ɗorawa, na feda, na wayoyin jak biyu masu kyau, na UPS. S670 da SX600 tsawonsu ya kai mita guda, a kan kabu-kabu gefensu yana fitowa waje, kuma ka san yadda ake goga juna a cunkoson bakin kasuwa. In dole sai babur, ka goya ta a tsaye a bayanka, kada ka ɗora ta a gicciye kan cinya. Ranar da za ka ɗauki UPS da ƙafa tare, ka sa kuɗin Keke Napep a cikin abin da za ku caji masu biki.